Yadda ake saka hoto a firam ɗin ƙarfe ba tare da an cuci hoton ba

Duk wanda ya tambaye ni da wane firam zai fara koyo, na alminiyam nake cewa. Ba sai ka iya aikin kafinta ba, babu gam babu ƙusa, sanda huɗu ne da 'yan ƙarafunan kusurwa da sukudireba, kuma duk ranar da kaga dama ka kwance ka sake. Baya kumbura da danshi kamar katako, gara bata cinsa, sannan bakinsa siriri ne baya ɗauke ido daga hoton, shi yasa masu baje kolin hotuna suke yawan amfani da shi. Amma fa haɗa ƙarfen aikin minti goma ne, inda ake lalata hoto shi ne abinda ake zurawa a ciki. Ƙa'ida biyu ce zaka riƙe tun daga farko har ƙarshe: fuskar hoto bata taɓa gilashi, kuma duk abinda zaka yiwa hoton ya zama wanda za a iya warwarewa gobe a ciro shi lafiya kamar yadda aka saka shi.

Kayan da zaka tanada

Firam ɗin kansa. Yana zuwa ne sanda huɗu da aka yanke bakinsu a digiri 45, a bayan kowace sanda akwai rami biyu, babba wanda hoto da gilashi zasu shiga, da ƙarami wanda ƙarafunan ɗauri suke bi. Tare da shi akwai ledar kayan haɗi: ƙarfe mai siffar L guda takwas, huɗu masu noti huɗu marasa noti, sai 'yan sifirin sirara masu lanƙwasa, sai maratayi biyu, sai waya. Ka buɗe ledar ka ƙirga kafin ka fara.

Mat, wato kwalin da ake yankawa taga hoton ya leƙo ta ciki. Ka nemi marar asid, in da hali na auduga zalla. Mai kauri kamar milimita 1.5 shi ne aka saba, akwai kuma mai kusan milimita 3 wanda yake ba hoto kwarjini sosai amma yankansa sai mai hannu.

Kwalin da hoton zai kwanta a kai, shima marar asid, girmansa ɗaya da mat. Sai fom bod, wato allo marar nauyi mai soso a tsakiya da takarda a fuska biyu, na milimita 3 ko 5 da zai tokare daga baya.

Gilashi na milimita 2 ko akrilik, wato roba mai tauri garau kamar gilashi.

Kusurwoyin maƙala hoto, 'yan aljihunan nan masu kusurwa uku, ko tef ɗin lilin marar asid.

Rula ta ƙarfe, tef ɗin awo, fensir, wuƙar reza da sabbin reza da yawa, abin yankan mat mai karkatar da reza, sukudireba mai faɗin baki daidai da notin, filaya, tsumman maikurofaiba guda biyu, burushi mai laushi ko robar hura iska ta masu kyamara, safar hannu ta auduga ko ta roba marar hoda. Sai tebur mai faɗi da zaka shimfiɗawa tsaftataccen kyalle, domin alminiyam baya wahalar ƙarcewa.

Abinda bana so ka kusanto da shi ko kusa: salatef, tef ɗin takarda na masu fenti, tef ɗin ɗaure kwali, gam mai ruwa, da kwalin kaya mai ruwan ƙasa. Gam ɗin salatef yana shiga cikin takarda ya bar tabo mai ruwan ɗorawa da baya fita, kwalin kaya kuma asid ne cike da shi, a hankali zai ƙona bayan hoton ya mayar da shi rawaya.

1. Ka fara da hoton, ba da firam ba

Mutane da yawa suna sayen firam tukunna sannan su zo suna neman yadda zasu tusa hoto a ciki, ƙarshe sai kaga an ɗauko almakashi ana datse gefen hoto. Dan Allah kar ka yanke hoton fasaha, musamman in mai shi ya sa hannu ko lamba a ƙasa, farin gefen nan yana cikin aikin.

In yanzu aka buga hoton da firinta mai tawada, kar ka rufe shi a gilashi a ranar. Ka bari ya sha iska aƙalla awa 24, in takardar mai sheƙi ce ka ɗora farar takarda a kai ta tsotse sauran ruwan tawadar, in ka ga takardar ta yi lanƙwashe-lanƙwashe ka canza wata. In baka yi haka ba bayan 'yan makonni zaka ga wani hazo ya fito a cikin gilashin da siffar hoton, dole sai an sake kwancewa an goge. In kuma hoton a nannaɗe ya zo, ka warware shi a hankali ka sa tsakanin kwali biyu masu tsafta ka danne da littattafai kwana biyu ko uku, kar ka sa masa dutsen guga.

2. Awo

Daga ciki ake lissafi zuwa waje. Mu ce hotonka santimita 30 ne a faɗi, 40 a tsawo. Tagar mat zata hau kan hoton da kamar milimita 3 ta kowane gefe don kar farin takarda ya leƙo, to tagar ta zama 29.4 da 39.4 kenan. Yanzu ka zaɓi faɗin gefe. Ni ga hoto mai wannan girman santimita 7 nake bari a dama da hagu da sama, ƙasa kuma 8. Dalilin ƙarin na ƙasa shi ne in ka yi su daidai wa daida, da an rataye sai ido ya riƙa ganin kamar hoton ya zame ƙasa. To 29.4 a haɗa da 14 ya ba ka 43.4, sannan 39.4 a haɗa da 15 ya ba ka 54.4. Wannan shi ne girman mat, da kwalin baya, da fom bod, da gilashi, duk ɗaya.

In akwai sa hannu a farin gefe kana so ya fito, sai ka yi akasin haka, ka buɗe tagar ta fi hoton girma, ka bar kamar santimita 1 fari a sama da gefe, ƙasa kuma daidai yadda sa hannun zai samu wuri.

Kar ka yi rowar gefe. Siririn firam da siririn mat suna sa hoto ya zama a takure, shi ƙarfen ba shi da jiki, mat ɗin ne yake ba hoton fili.

Wajen odar firam ka ba da girman gilashin, ka kuma tambaya ko suna ƙara ɗan sarari, yawanci ana ƙara milimita 2 zuwa 3 don kayan su shiga ba tare da matsi ba. Sannan ka tara gilashi da mat da kwali da fom bod ka auna kaurinsu, ka tabbata ramin firam ɗin ya fi su zurfi. Wannan ana yawan mantawa da shi, sai an zo zurawa a ga ya ƙi shiga. In hakan ta faru ka sauya fom bod na 5 da na 3.

3. Gilashi ko akrilik

Gilashi baya ƙarcewa da wuri, gogewarsa ba wuya, amma yana da nauyi kuma in ya fashe yana iya yanka hoton. Akrilik ba nauyi, baya tarwatsewa, shi nake zaɓa in firam ya yi girma sosai, ko za a aika shi wani wuri, ko ɗakin yara ne. Matsalarsa yana ƙarcewa kuma yana jan ƙura kamar mayen ƙarfe. Akwai na kowanne wanda yake tare hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da yake koɗar da launi, har kusan kashi 99 cikin ɗari, in hoton mai daraja ne wannan ya cancanci kuɗinsa. Akwai kuma gilashin da aka yiwa dishi-dishi don kar ya yi ƙyalli, ni bana sonsa da mat, domin da ya ɗan yi nisa da hoton sai ya dusashe shi. In ƙyalli ne damuwarka ka nemi mai rufin hana ƙyalli wanda yake garau.

4. Yanka mat

Daga baya ake yanka. Ka kifa mat ɗin a kan wani guntun mat da baka so, ka zana layuka huɗu na tagar da fensir, ka rubuta "ƙasa" a gefen da ya fi faɗi don kar ka rikice. Sa sabuwar reza, ba wadda ka yi aiki da ita jiya ba, ka daidaita ta yadda zata ratsa mat ɗin ta ɗan taɓa na ƙasa kaɗan kawai. Ka danne rula da kyau, ka nutsa rezar, ka ja ta a tafiya ɗaya ba tsayawa. Saboda rezar a karkace take shiga, sai ka fara ɗan kafin mahaɗar layi ka kuma wuce ta da kamar milimita 2, in ba haka ba kusurwa bata rabuwa ta fuska. Nawa ne daidai, hannunka ne zai koya maka, shi yasa nake cewa ka ɓata guntaye uku ko huɗu kafin ka taɓa na gaske.

Ka kula da ɓangaren da rula take, in ka tsaya ta ɓangaren da ba shi ba karkacewar bakin zata juya ciki. Daidai shi ne in ka juyo fuskar mat ɗin kaga farin bakin nan yana gangarowa zuwa wajen hoto. In ka gama tsakiyar ta ƙi faɗowa, kar ka fizge, ka zura reza tsirara a karkace ka ƙarasa kusurwar.

In baka da abin yankan, gaskiya gara ka kai a yanka maka ko ka sayi yankakke, wuƙar reza zalla bata ba da baki mai kyau. In kuma baka son mat sam, kana son hoton ya cika firam, to dole ka sa 'yan siraran robobi ko siraran yankan kwali marar asid a zagayen gilashin ta ciki, bakin firam zai ɓoye su, su ne zasu raba hoton da gilashi. Fuskar hoto, musamman wanda aka wanke a ɗakin duhu mai rufin jelatin, in ta samu danshi tana manne da gilashi, kuma in ta manne to ciro ta sai da ɓarna.

5. Maƙala hoton

Nan ne nake so ka natsu. Ka fara haɗa mat da kwalin baya: kwantar da su baki da baki, mat a kife, ka bi mahaɗar da tef ɗin lilin ta gefe mafi tsawo ko ta sama, ya zama yana buɗuwa yana rufuwa. Sa safar hannu, ɗora hoton a kan kwalin baya, rufo mat, ka yi ta gyarawa har ya zauna daidai a tagar. Sai ka ɗora tsaftatacciyar takarda a tsakiyar hoton ka danne da wani abu mai ɗan nauyi marar kaifi, ka ɗaga mat ɗin a hankali.

Hoton a kwalin baya ake maƙala shi, ba a bayan mat ba. In ka liƙa shi a mat, duk wanda ya zo buɗewa zai ja hoton ya yage.

Hanya mafi aminci ita ce kusurwoyi. Ka zura aljihu ɗaya a kowace kusurwar hoton, ka manna shi a kwalin, gam ɗin baya taɓa hoton ko kaɗan. Na ƙasa su zauna daidai don su ne suke ɗauke da nauyi, na sama kuma ka bar musu ɗan sarari kamar milimita 1. Sharaɗin kawai hoton ya zama yana da farin gefe da mat zai rufe kusurwoyin.

In babu gefen, sai ɗaurin T. Ka yanko tef biyu kamar santimita 5, ka manna kowanne a bayan hoton ta sama, kamar milimita 6 kawai ya kama takardar, sauran ya fito sama gam ɗinsa yana kallonka. Sai ka ɗauko wani tef ɗin ka gicciya a kan wanda ya fito ka manne shi da kwalin, ba tare da ya taɓa bakin hoton ba. Guda biyu a sama, shikenan. Masu adana kayan tarihi da takardar Japan da gam ɗin sitacin alkama suke yin wannan, saboda ɗan danshi kaɗan yake sake shi, in hoton mai tsada ne ko tsoho wannan ce hanyar, ko kuma ka kai wa wanda ya iya.

Nasan zuciyarka zata ce ka bi gefe huɗu da tef don ya kwanta sumul. Kar ka yi. Takarda tana buɗewa in iska ta yi danshi tana tsukewa in ta bushe, in ka ɗaure ta ta ko'ina bata da wajen tafiya sai ta yi tudu-tudu a tsakiya. A rataye take so ta kasance daga sama, ƙasa a sake. Haka liƙe hoto gaba ɗaya a allo da zafi, yana kwanciya kam, amma yawanci baya ciruwa lafiya, na fosta ne da hoton da kake da fayil ɗinsa zaka iya sake bugawa.

Wani abu ga mai hoton sayanotaif, shuɗin nan: yawancin kwali marar asid ana sa masa sinadarin alli, shi kuma wannan hoton baya shiri da shi, yana koɗar da shuɗin. Ka nemi wanda ba a sa masa ba.

6. Goge gilashi da haɗa kayan

Ka fesa ruwan gogewa a tsumma, ba a gilashi ba, ka goge fuska biyu, ka bi da busasshen tsumma, ka bari ya bushe sarai. Akrilik kuma kar ka sa masa ruwan goge gilashi mai amoniya ko takardar tishu, tsumma mai laushi da ɗan ruwa ya isa. Sabo yana zuwa da leda a fuska biyu, ka ɓare ta ciki kawai ka kifa a kan mat nan take, ta waje kuma sai ka zo duba ƙura da zagayewa da tef.

Jerin daga ƙasa: fom bod, kwali mai hoto, mat, gilashi. Kafin ka rufe ka bi da burushi ko robar iska, kar ka hura da baki, yawu yana fita. Ka kashe fanka. Ka kifa gilashin, ka ɗauki kayan zuwa wajen haske ka karkata su ka duba sosai, musamman wuraren da hoton yake baƙi da kan farin mat. Ɗan gashi ɗaya da baka gani yanzu ba, wallahi shi zaka fara gani kullum in an rataye.

Da ka tabbata ya fita tas, ka zagaye bakin kayan gaba ɗaya da tef na masu firam, ya kama kamar milimita 3 a fuskar gilashi ya naɗo zuwa bayan fom bod. Firam ɗin ƙarfe bayansa a buɗe yake, ba a liƙa masa takarda kamar na katako, wannan tef ɗin shi zai hana ƙura da ƙananan ƙwari shiga, kuma kayan zasu zama abu ɗaya mai sauƙin zurawa. Mutane da yawa suna tsallake wannan, ni bana tsallakewa.

7. Haɗa ƙarfen

Kifa sandunan a kan kyalle. Kowace kusurwa ƙarfen L biyu take ci, marar noti a ƙasa, mai noti a sama kan notin yana kallonka. Ka haɗa su biyun ka zura a ƙaramin ramin sandar ƙasa, sannan ka zuro sandar gefe. Ka matse kusurwar da yatsu ka ɗaure notin kaɗan-kaɗan, wannan kaɗan wancan kaɗan, ka juya ka duba fuska ko bakin ya haɗu ba rata ba tudu. In bai haɗu ba ka sassauta ka gyara. Haka zaka yiwa ɗaya gefen, ka samu gefe uku a haɗe sama a buɗe.

Ka duba irin maratayinka. Wasu sai an zura su ta bakin rami kafin a rufe, wasu kuma ana danna su daga baya. In na zurawa ne yanzu ne lokacinsa.

Zura kayan a babban ramin, gilashi yana kallon ƙasa, a hankali, kar bakin gilashin ya gogi ƙarfe ya ɓantare. Ka tabbata faffaɗan gefen mat yana wajen sandar ƙasa. Sai ka sa ƙarafunan L a sandar sama ta baki biyu, ka zura su lokaci ɗaya, ka ɗaure. Ka bi duk notin takwas ka ƙara musu, amma da sun tsaya ka tsaya, in ka matsa da ƙarfi kusurwa tana buɗewa ta fuska ko sukudireba ta zame ta ƙarce fenti.

8. Sifirin

Yanzu in ka girgiza zaka ji kayan suna motsi. Ka danne sifirin ya miƙe, ka tura shi tsakanin fom bod da leɓen firam. Biyu a kowane gefe sun isa ga firam irin na misalinmu, babba kuma uku. Ka kawar da fuskarka lokacin sakawa da cirewa domin yana iya tsalle ya sami ido. Kar ka cika su, matsi in ya yi yawa yana hana mat motsi har ya lanƙwashe, wani lokacin ma ya tsaga gilashi. In sifirin ya ƙi shiga saboda wurin ya cika, ko baka da shi, ka yanko siraran fom bod ka cusa a wurin, suna yin aikin.

9. Waya da ratayewa

Maratayan su zauna a kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon firam daga sama, ka auna duka biyun su zo daidai, ka ɗaure notinsu. Zura waya, ka zagaya sau biyu, ka murɗe sauran a jikinta kamar santimita 5, ka datse da filaya. Kar ka ja ta ta yi tsam, waya mai tsauri tana janyo gefunan firam ciki, a babban firam har zaka ga sun lanƙwashe. Ka bar ta da ɗan sassauci, amma in ka ja ta sama kar ta leƙo ta saman firam. In firam ɗin babba ne mai nauyi, ka bar waya ka rataye shi kai tsaye a ƙusa biyu ta maratayan.

Manna 'yan robobi biyu a kusurwoyin ƙasa ta baya, suna hana ƙarfe zanen bango kuma iska tana wucewa. Tsakiyar hoton ta kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. Ƙugiya biyu a bango sun fi ɗaya, firam baya karkacewa. Ka guji bangon da rana take duka kai tsaye ko da gilashinka mai tare UV ne, da bangon da yake tsatsafo da ruwa, da banɗaki, da saman murhu. Bayan kamar wata ɗaya ka sauke shi ka sake bin notin kusurwa da na maratayi, wani lokacin suna ɗan saki, ka kuma duba cikin gilashin ko hazo ya fito.